Ƙwayar Saloma

Talata, 5 ga Agusta, da yamma

Mun dawo daga birni lafiya, ni da matata Saloma. Hanya ta jiƙe da ruwan jiya, amma Ubangiji ya kiyaye. Na ga ya dace in fara rubuta abin da ke gudana, domin kaina ya cika, kuma ba na so in ɗora wa 'yarmu Jessica damuwa alhali tana karatu a nesa.

Ga yadda al'amarin yake. Bara aka cire wa Saloma mama na hagu saboda ciwon daji, aka bi ta da ƙarin ruwan magani har gashinta ya zube ya sake tsirowa. Likitoci sun ce ba su ga sauran ciwo ba, amma irin nata yakan dawo. Saboda haka suka tambaye mu ko za ta shiga gwajin wata sabuwar ƙwaya da ake sa ran za ta tare masa hanya. Ta yarda, ta sa hannu. Wasu matan da ke cikin gwajin ana ba su ƙwayar gaske, wasu kuma ƙwayar wofi wadda babu magani a cikinta. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, kuma ba a gaya wa kowa wadda ya samu.

Wadda ƙwayar ke hannunta ita ce Malama Bushira, ƙwararriyar mai harhaɗa magunguna, wadda magungunan daji kaɗai ne aikinta. Ɗakinta bai yi kama da kantin magani ba. Babu taga, ga sanyi kamar cikin randa, ga firiji yana gurnani a kusurwa. Ta zaunar da mu, ta ɗora kwalbar a tsakaninmu, ba ta miƙo ba sai da ta gama magana.

"Malam Philip, an ce maganin feshi kake sayarwa a kasuwar Zuru, ko?"

Na ce haka ne, da irin shuka.

"To ka riƙe wannan kamar yadda kake riƙe wancan. Kada hannu ya taɓa ta, ka zubo a murfi. Kada a raba ta biyu. Kada a sha da wofin ciki. Babu sassaƙe, babu jiƙo, babu ƙwayar kemis sai an kira ni. Kwalbar ga da lambar Saloma aka yi ta. An auna jininta da nauyinta, an duba hantarta da ƙodarta, sannan aka ce ta sha."

Na tambaye ta, cikin ladabi, ko ita ta san wadda muka samu.

"Ni ma ban sani ba. Ina iya sa a buɗe lambar in rai ya shiga haɗari. Amma ran da aka buɗe, Saloma ta fita daga gwajin ke nan, babu komawa."

Ta ba ni ƙasida da katin da ke ɗauke da lambar wayarta. Na karanta ƙasidar a mota har kaina ya juya. Ilimina duka daga ƙasidu na same shi, na noma, na kiwo, na majami'a, kuma ban taɓa riƙe wadda ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Ta lissafa abubuwan da ƙwayar gaske kan iya haifarwa: tafin hannu da na ƙafa su yi duhu, su yi zafi, fata ta saɓule, gyambo a baki, zawo. Zazzaɓi kuwa, in ya zo, a kira nan take.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Mun sami tsari. Da safe in wanke hannu, in zubo ƙwayar a murfi, in juye ta a ƙaramin kofin silba. Saloma ta ɗauki kofin ta zaga gidan Monica, domin can take karyawa.

Monica maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ni da marigayi mijinta tare muka yi golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita, kuma a shekara ɗaya aka kawo mana matan. Tun suna amare suke shan kunun safe a kwano ɗaya. Da mijinta ya rasu a aikin soja, Saloma ba ta sake karyawa a gidanmu ba, don kada Monica ta zauna gaban kwano ita kaɗai. Tun da an ce a sha ƙwayar da abinci, abinci kuwa yana can, ban ga aibu ba.

Na ba ta da hannuna.

Litinin, 11 ga Agusta, da rana tsaka

Malama Bushira ta kira, kamar yadda ta ce za ta riƙa yi kowane mako. Ta yi magana da Saloma, sannan da ni. Tana cin abinci? Tana ci. Baki fa? Lafiya. Hannu? Lafiya. Inda aka ajiye kwalbar akwai zafi? Na ce tana cikin akwatin katako, nesa da murhu, mabuɗin yana aljihuna. Ta ce madalla.

Laraba, 13 ga Agusta, da yamma

Na duba tafin hannunta yayin da take tsince wake. Ba abin da ya canza.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan kasuwa

Mika ya zo shago. Tsohon soja ne, yanzu keke mai ƙafa uku yake ja, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya tarar da ni da ƙasidar.

"Likita bokan takarda! Har yanzu ba ka haddace ta ba? Ka jiƙa ta ka sha mana, ta zauna a ciki."

Na ce masa karatu ba ya cutarwa.

"Yana cutarwa. Dubi wuyanka, ya koma kamar na zalɓe. Madam tana ta ƙiba, kai kana ramewa. Anya ba kai aka yi wa aikin ba?"

Na yi dariya domin ya tafi. Amma ya taɓa wurin. Saloma tana ƙiba, tana zuwa gona, jiya har ta yi shema, ta cire ciyawa a gyaɗa. Ya kamata in yi godiya. A maimakon haka ina kama hannunta da sunan wasa, ina juya shi, ina neman duhu. Wane irin miji ne ke addu'a matarsa ta yi gyambo a baki? Ƙasidar ta faɗa sarai cewa rashin alama ba ya nufin wofi aka samu. Na ja layi a ƙarƙashin wurin. Layin bai kwantar mini da hankali ba.

Talata, 19 ga Agusta, da sassafe

Na ba ta da hannuna. Hannunta lafiya.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Akwai abin da ya ɓace daga safiyar gidan nan, kuma sai yau na gane ko mene ne. Daka. Kullum turmin Monica ne ke tashe ni kafin zakara ya gama. Kwanakin nan babu shi. Katangar ta yi shiru, har ina jin ɗigar ruwa daga indararonta.

Na tambayi Saloma. Ta ce yanzu inji ake kai musu. Ta faɗa tana kallon tukunya.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan sujada

Zumuntar mata ta yi waƙa, amma ba Monica ce ta buga tulu ba. Shekaru da yawa ita ce mai bugawa, tafinta a bakin tulun yana ba da wata murya mai zurfi da ake ji a ƙirji. Yau wata ce ta riƙe, kiɗan yana ta tuntuɓe. Monica ta tsaya a layin baya, hannuwanta a cikin gyale, ko tafi ba ta yi ba.

Yau kuma ranar Jibin Ubangiji ce, kuma ina cikin dattawan da ke zagawa da farantin gurasa. Na bi layi layi. Da na iso gabanta, ta yi jinkiri, sannan ta fito da hannu ta buɗe.

Na ga wani abu. Ban zubar da farantin ba. Na ci gaba zuwa mutum na gaba.

Lahadi, da yamma

Akwai cututtukan fata da yawa a damina. Sabulun wanki ma yana ƙona hannu. Toka ma haka. Ina da ƙasida a kan wannan.

Litinin, 25 ga Agusta, da rana tsaka

Malama Bushira ta kira. Sakamakon jinin da aka ɗiba a asibitin garinmu ya isa gare ta, ta ce komai daidai yake. Ta yi tambayoyinta na kullum. Ina jin gurnanin firijinta ta cikin waya.

"Malam Philip, wa ke ganin ta haɗiye?"

"Ni nake ba ta da hannuna, Malama."

"Awo, na ji. Ba wannan na tambaya ba. Kana gani ta sa a baki?"

Na ce mata Saloma mace ce mai gaskiya, ba ta taɓa tsallake magani ba ko lokacin ƙarin ruwa.

"Ban ce ba ta da gaskiya ba. Kowa nake tambaya haka. In akwai wani abu, ko ƙarami ne, ka faɗa mini. Ba faɗa nake yi ba, gyara nake yi."

Na ce babu komai. Na ajiye wayar.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Na fita tun da wuri na sayo ƙosai mai zafi, na dama koko da kaina. Na ce wa Saloma yau ta karya tare da ni, ta sha ƙwayarta a nan.

Ta dube ni, ta dubi kokon, ta yi dariya.

"Baban Jessica, wannan koko ne ko ruwan wanke kwano? Yau kuma da tsufanmu za ka raba ni da kwanon Monica?"

"Rana ɗaya kawai."

"Ita kuma ta sha da wa? Da hoton mijinta?"

Ta miƙo kofin. Na zubo. Na ba ta da hannuna.

Da ta fita, na je na tsaya jikin katanga. Ban leƙa ba, ni ba mai leƙe ba ne. Na ji an ja kujera. Na ji ƙarar ludayi a kwano. Na ji muryar Saloma ƙasa ƙasa tana lallashi, irin yadda take yi wa Jessica tana ƙarama. Sai aka haɗiye wani abu da ƙyar, aka yi tari, aka ja numfashi ta haƙora kamar mai ciwo a baki.

Na san tarin matata, wannan ba shi ba ne.

Alhamis, 28 ga Agusta, da yamma

Ruwa tun safe. Duwatsun Dabai sun shige cikin hazo, ba a ganin kansu. Ban buɗe shago ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan kasuwa

Wata mata ta zo sayen irin alayyafo. Da na miƙa mata, ta ja baya ta ce in ajiye a kan tebur. Ta ɗauka da bakin zanenta.

Mika ne ya fassara mini, kuma yau babu dariya a bakinsa.

"Oga Philip, ka ji abin da ake faɗa a unguwa? Wai ciwon Madam ya tsallake katanga. Wai ka je birni an haɗa maka abu a kwalba, an juye shi kan gwauruwa marar mai tsaya mata. Suna cewa a duba mana: wadda aka yanka tana shema, wadda ba a taɓa ba ta kasa riƙe tsintsiya."

Na ce masa ciwon daji ba ya tsallake katanga, ba a ɗaukarsa, ba a juye shi.

"Ni na sani. Na gaya musu in kana da irin wannan asiri da ba ka zauna kana sayar da maganin ƙwari ba. Amma ka je ka ga matar nan. Tafiya take kamar mai taka garwashi."

Ban je ba.

Asabar, 30 ga Agusta, da rana

Na zauna na shimfiɗa al'amarin a gabana kamar yadda nake shimfiɗa iri in tsince.

Idan abin da ban rubuta ba gaskiya ne, to alamun da nake nema sun bayyana, kuma ba wofi muka samu ba. Wannan shi ne abin da na roƙa. Idan na faɗa, za a buɗe lambar, a cire Saloma, ƙwayar da za ta tare mata hanya ta fita daga gidan nan har abada. Idan na yi shiru na gyara da kaina, na tsaya a kanta kowace safiya har ta haɗiye, ba wanda zai sani, ta ci gaba da sha, hannun da ya yi duhu kuma ya warke da kansa. Ƙasidar ta ce yakan warke in an daina.

Wannan shi ne hankali. Gobe zan yi mata magana.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan sujada

Monica ba ta zo majami'a ba. Ban yi maganar ba. Na ba ta da hannuna.

Litinin, 1 ga Satumba, da rana tsaka

Wayar Malama Bushira ta shigo ina shago. Na bar ta tana ruri a kan buhun taki har ta gaji. Ta sake kira. Na aika mata saƙo cewa muna lafiya, babu sabis sosai.

Laraba, 3 ga Satumba, da yamma, a barandar asibiti

Zan rubuta a jere, domin in ban jera ba zan rikice.

Da hantsi Saloma ta shigo da gudu, babu ɗankwali, ta ce Monica ba ta gane ta. Na zaga. Ɗakin yana wari. Tana kwance a tabarma, jikinta kamar tukunyar da aka sauke yanzu, haƙoranta suna haɗuwa, leɓunanta sun farfashe. Hannuwanta suna buɗe a gefenta, ba ta da ƙarfin ɓoye su. Fatar tana ɗagowa kamar ɓawon rogo da aka jiƙa. Ƙafafun ma haka.

Mika ya kawo kekensa. Mutane sun fito ƙofar gidajensu suna kallo, ba wanda ya matso ya kama mana.

Likitan da muka samu, Dakta Muhammad Sani, ya sa aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, ya kira mu.

"Sojojin jininta sun kusa ƙarewa. Zazzaɓin cizon sauro ba ya yin haka, kuma ba ya yin wannan a hannu. Me take sha? Kemis? Gargajiya? Ku gaya mini gaskiya, domin in ban san abin da nake yaƙi da shi ba, lalube zan yi, ita kuwa ba ta da lokacin lalube."

Saloma ta ce kunu kawai take sha.

Na kama hannun matata na fito da ita baranda. Ban tambaye ta ba. Na ciro katin daga aljihu, ta gan shi, shi ke nan.

"Kada ka kira, Baban Jessica."

"Tun yaushe kike ba Monica ƙwayar?"

"Tun ranar farko."

"Ke kuma?"

"Ni an yanke nawa. Me ya rage a jikina da ƙwaya za ta ci? Nata yana nan. Ta nuna mini tun kafin bikin Ista, a maman dama, ƙullutu kamar ƙwan zabuwa, ya ƙi motsi. Na ce mu je asibiti, ta ce ta ga abin da aka yi mini, gara a binne ta da abinta. Sai ga magani a hannuna kowace safiya. In zauna gabanta a kwano ɗaya in haɗiye ni kaɗai? Kai za ka iya?"

Na ce mata an ce kwalbar da jininta aka auna.

"Jinina da na Monica, abinci ɗaya ya yi su." Ta riƙe rigata. "In ka kira za su hana. Kuma ta ce ya fara raguwa. Wallahi ta ce ya ragu."

Ba gurbinta a gwajin take wa kuka ba. Ni kaɗai ne a barandar nan nake tunanin gurbinta.

Ta cikin taga ina ganin Monica, an ɗaura mata ruwa, kanta yana juyawa a kan matashi. Na tuna mijinta a gonar golmo, yana gabana a kunya, yana waiwayowa yana ce mini in ɗaga garma kada surukai su raina mu. Na danna lambar.

Malama Bushira ta ɗauka a bugun farko. Na faɗa mata. Ban san yadda na jera kalmomin ba. Ba ta yi salati ba, ba ta tsawata ba.

"Shekarunta nawa, kimanin? Yaushe ta sha ta ƙarshe? Tana shan wani magani, na hawan jini ko na suga? Tana fitsari? To. Malam Philip, ka san abin da zai biyo baya in na sa aka buɗe."

Na ce na sani.

"Ko ba ka sani ba sai na buɗe, rai ne. Amma gara da ka sani. Ba likita wayar."

Sun yi magana. Ta kashe, muka jira. Saloma ta zauna a ƙasa ta juya mini baya. Da wayar ta sake ruri, likita ya karɓa ya shiga ofis, ina jin ɓangarensa kawai: "Na'am. Na'am. Muna da wannan. Wancan babu, sai an aiko. Nawa a kilo? Sake faɗa." Da ya fito, tafiyarsa ta canza. Ya sa aka mai da Monica ɗaki ita kaɗai, aka ce duk mai shiga ya rufe hanci ya wanke hannu, aka sauya alluran.

Ba wanda ya ce mini komai game da lambar. Ban buƙaci a ce ba.

Juma'a, 5 ga Satumba, da hantsi

Zazzaɓin bai sauka ba. Wata allura da Malama Bushira ta nemo ta iso a motar safe, cikin akwatin ƙanƙara, da takardar yadda za a yi ta.

Saloma tana kwana a asibiti. Ba ta yi mini magana.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan sujada

An yi wa Monica addu'a. Da Fasto ya ambaci sunanta, kawuna sun juyo wajena. Ban tashi na yi bayani ba. Bayanin ba nawa ba ne, na mata biyu ne.

Talata, 9 ga Satumba, da yamma

Zazzaɓin Monica ya sauka. Ta sha kunu, ta nemi a kira mata Saloma, alhali Saloma ce ke riƙe da ludayin.

Alhamis, 11 ga Satumba, da rana tsaka

Malama Bushira ta kira. Na tambaye ta kai tsaye, ta gaske ce ko wofi. Ta ce wannan magana ta Saloma ce, ita za ta fara ji. Na kai mata wayar, na sa a bayyane bisa izininta.

"Saloma, ta gaske ce. Kuma ba zan iya sake ba ki ba. Na kai rahoto ga likitan gwajin da masu sa ido, dole ne, kuma sun rufe lambarki."

"To, na gode, Malama. A ba Monica gurbina."

"Ba a gadon gurbi, 'yar uwa. Kuma ƙwayar ga ba a yi ta don irin nata ba, don wanda aka riga aka cire aka yi ta. Ta kusa kashe ta."

"Ta ce ya ragu."

"Sai an duba za a sani. Na yi magana da likitan asibitinmu, zai gan ta ran Talata in ta iya zama a mota. Ke ma za a ɗauki hotonki, a ga inda kike, tun da kin daɗe ba ki sha komai ba. Ba mu sake ki ba, gwajin kawai kika fita. Ku zo mini da kwalbar da abin da ya rage a ciki." Sai ta ƙara, a hankali: "Na tambaye ki abin da kike ci, ban tambaye ki da wa kike ci ba. Yanzu kowa sai na tambaya."

Saloma ta miƙo mini wayar ba tare da ta dube ni ba. Can ta ce, "Ba za ta je ba sai da ni."

Na ce ai da ke za a je.

"Ka gaya mata da bakinka cewa yankan ba mutuwa ba ne. Ni ta daina yarda da ni, ta ce na cika son ta."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi mini tun ranar Laraba waccan.

Asabar, 13 ga Satumba, da yamma

Na gaya wa Monica. Ta saurara, hannuwanta a naɗe da bandeji a kan cinyarta. Ta ce, "Philip, kai da ba ka taɓa faɗin abin da ba ka karanta ba. To, na ji."

Na kira Jessica na gaya mata rabin labarin.

Litinin, 15 ga Satumba, da yamma

An sallami Monica. Na je tasha na kama mana kujeru a motar asuba, uku a layi ɗaya, kusa da ƙofa saboda ƙafafunta. Kwalbar tana cikin jakata, a naɗe da leda biyu.

Direban ya san mu tun tafiye-tafiyen bara. Ya ce yana juyowa ran Laraba, in muna so ya riƙe mana wuri.

"Dawowa fa, Baba? Kujera nawa zan ajiye muku?"

Na tsaya. Yana jira da biro a hannu, kwandasta yana kiransa daga baya.

Na ce zan kira shi daga can.